Idon Dalhatu da Ciyawar Alhaji

A duk unguwarmu a Gumel, gida ɗaya ne ake shuka ciyawa da gangan. Kowa nome ta yake yi ya zubar, ko ya yanka wa tumaki. Alhaji Ismail kuwa, tun da ya bar harkar fiton kaya a bodar Maigatari ya gina gidansa mai bene, ya rantse sai tsakar gidansa ta yi kore shar irin ta gidajen da yake gani a waya. Aka haƙa burtsatse, aka kawo iri daga Kano, aka ja tiyo. Ciyawa ta fito. Ba a zama a kanta, ba a shanya, ba a taka ta. Aka kuma sayo mata injin yanka, ja, mai taya huɗu, ana tura shi kamar kurar ruwa yana kuka kamar babur ɗin da salansarsa ta faɗi.

Mai tura injin shi ne Dalhatu, yayan Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan rasuwar matarsa Alhaji ya ɗauko shi daga ƙauyensu na wajen Gagarawa, ya tsaya a ƙofar masallaci ya sanar cewa ya kawo Yaya ya huta, wahalar gona ta isa haka. Jama'a suka yi ta sa albarka. A satin ne kuma aka sallami mai kula da shuke-shuken gidan.

"Ba aiki ba ne, Yaya," in ji Alhaji. "Motsa jiki ne. Likitoci sun ce tsoho in ya zauna jininsa daskarewa yake yi."

Ƙasar Gumel rairayi ce, don haka wuƙar da ke juyawa a ƙarƙashin injin tana cin yashi tare da ciyawa, ba ta daɗewa ta dakushe. In ta dakushe sai ta riƙa yagar ganyen maimakon ta yanke shi, bakin ciyawar ya yi ja kamar an babbaka. Alhaji kuwa kullum ya dawo daga sallar asuba sai ya tsuguna, ya gyara zaman tabarau, ya tsinki ganye ɗaya ya duba shi kamar mai sayen zinare. Da ya ga ja sai ya ɗaga murya.

"Yaya! Wuƙa!"

Dalhatu ya cire wayar fulogi kamar yadda aka koya masa, ya kishingiɗar da injin, ya sa sifana ya kwance noti, ya zaro wuƙar, ƙarfe ne mai tsawon kamu ɗaya da rami a tsakiya. Ya kankare busasshiyar ciyawar da ta manne mata, ya zauna a rana da magagari yana gurza, yana karkata kai gefe guda. Idonsa na hagu ya daɗe da rufewa da yana, hazo kawai yake gani da shi. Da na dama yake rayuwa. In ya gama sai ya rataye wuƙar a jikin ƙusa ta ramin nan, Alhaji ya taso daga inuwa da kofin shayinsa ya duba ko wani gefen ya rinjayi wani.

"Ka ci wannan gefen ka bar wancan. Adalci, Yaya. Komai na duniya adalci ne. Koma ka daidaita."

Da aka sa ranar bikin Bilal, babban ɗan Alhaji, aka ce a kan ciyawar za a yi hotunan ango da amarya, a gefenta kuma a yi walima. Alhaji ya ce magagari ya cika nawa. Ranar kasuwar Maigatari ya dawo da giranda, ɗan injin wuta mai faifan dutse da masu walda ke gurzar ƙarfe da shi. Ya zaunar da Dalhatu ya nuna masa wani Bature mai jan gemu a waya yana wasa irin wannan wuƙar.

Dalhatu ya kawo wayar daf da idonsa na dama. "Sama'ila, na ga shi wannan ya rufe idonsa da wani gilashi. Ga kuma safa a hannunsa."

"Tsoron Turawa ne. Su ko albasa za su yanka sai sun sa kaya. Kai da ka yi shekaru kana casar gero, ƙaiƙayi bai kashe ka ba?"

Aka tayar da janareto. Dalhatu ya danne wuƙar da ƙafa, ya kunna abin da bai taɓa riƙewa ba. Tartsatsi ya tashi ja kamar wasan wuta. Alhaji ya ja baya sosai, ya kare fuskarsa da hannun babbar riga, yana ba da umarni daga nesa. Ba a jima ba faifan ya ci karo da wata tsaga da dutse ya yi wa bakin wuƙar, girandar ta yi tsalle. Dalhatu ya sake ta, ya dafe idon dama da hannu biyu.

"Subhanallahi!" Alhaji ya rugo. Ya ɗauki girandar ya jujjuya ta. "Allah ya taimaka faifan bai fashe ba. Kai kuma me ya same ka?"

"Wani abu ya shige mini ido."

Alhaji ya gwale idon da yatsu, ya hura sau biyu, ya ce ai ya fita, ƙura ce. Ya ce a wanke fuska a ƙarasa ɗaya gefen tun man janareto bai ƙare ba.

Washegari idon ya yi ja kamar gauta, hawaye na zuba ba tsayawa. Duk ƙiftawa Dalhatu ji yake kamar ana jan ƙaya a ciki. Ya je ƙofar falo ya yi sallama, ya faɗa wa Hajiya Zaituna, matar Alhaji, daga bayan labule.

"Ayya, Yaya, sannu," in ji ta. "Ni ka san kunyarka nake ji, ba zan tsaya ina leƙa idon yayan mijina ba. Ga wannan ka ɗiga, daga Makka na zo da shi."

Ta turo wata 'yar kwalba ta ƙarƙashin labule. Rabonta da Makka tun Bilal yana sakandare, rubutun jikin kwalbar ma ya goge. Ya ɗiga, ya kwana yana juyi. Da ya koma ya ce abin ƙaruwa yake, sai ta ce ai haka maganin ƙwarai yake, sai ya taso da ciwon kafin ya kashe shi. Ta ƙara masa da kwalli da ruwan gishiri.

Ya tare Bilal a bakin mota, ya ce ko zai miƙa shi asibiti.

"Baffa, wallahi Dutse zan kai katin gayyata, har na makara. Amma bari ka gani." Ya latsa waya da babban yatsa. "Yauwa. Sun ce hawaye da kansa yana wanke ido. Ka ga kai kuwa ga hawayen nan yana ta zuba, kenan yana aiki."

Rannan da yamma, bayan ya ba ciyawa ruwa, Dalhatu ya lallaba ya bi bango har kemis ɗin bakin titi. Mai kemis ya haska idon da tocila, ya ce shi ba zai taɓa wannan ba, akwai ƙarfe a cikin baƙin idon, a tafi asibiti yau ba gobe ba. Kafin Dalhatu ya dawo gida labari ya riga shi, don mai kemis sahu ɗaya suke sallah da Alhaji.

Alhaji na tsaye a ƙofa yana huci. "Yaya, me na yi maka? Ka rasa ci ne ko ka rasa sha? Ka fita titi da tsumma a ido kamar marar gata, a ce ƙanenka Alhaji Ismail ya kasa kai ka asibiti? Ana saura kwanaki biki za ka tona mini asiri?"

"Ba haka ba ne, Sama'ila. Zafin ne ya hana ni barci."

"Ni ba zan kai ka inda za ka bi layi da mutanen ƙauye ba. Babban likita zan kai ka, na kuɗi, a Kano. Ka bari a gama biki. Ido ai ba gudu zai yi ba."

Dalhatu ya sunkuyar da kai, har ya ba da haƙuri. Shi ya goyi Sama'ila yana yaro, bai iya jin an ce ya kunyata shi ba.

Ciyawa dai ba ta san ana ciwo ba, ta ci gaba da tsiro. Dalhatu ya ɗaure idon dama da tsumma, ya koma ga magagari da idon hagu mai hazo. Ya gurza inda ya samu. Da ya rataye wuƙar a ƙusa bai ga ta karkata ba, Alhaji kuma yana wurin telan ango bai duba ba. Aka mayar da ita aka tayar da inji. Injin ya kama rawa yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, ya yi wata ƙara, ya mutu.

Alhaji ya fito ba hula. Ya durƙusa a gaban injin, ya kasa kunne, ya juya wuƙar da hannu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙarfen tsakiya ya lanƙwashe. Bilal! Fito da mota! Wannan ba aikin makanikan Gumel ba ne, Kano za mu yanzun nan. Irin wannan in aka bar shi ya kwana, lalacewa yake ƙara yi."

Dalhatu ya ji an ambaci Kano. Ya shiga ɗaki ya lalubo rigarsa ta Juma'a, ya sa hula, ya sake tsumma mai tsabta, ya fito ya tsaya a gefen mota. An kwantar da kujerun baya, an shimfiɗa bargo don kada injin ya kuje, an tokare shi da matasai biyu na falo.

"Yaya, ina zuwa haka da kwalliya?"

"Na ji an ce Kano. Na ce ko a sauke ni wurin likitan nan."

"Haba Yaya, kai ma ka duba, ina wurin zama? Kuma in mun tafi duka wa zai ba ciyawa ruwa? Yini ɗaya ta yi da ƙishi a wannan zafin an gama. Ka yi haƙuri, na riga na ce bayan biki."

Motar ta fita a hankali, Alhaji na gargaɗin Bilal ya kula da ramuka. Dalhatu ya rufe get, ya tattare hannun rigar Juma'a, ya laluba ya ɗauki tiyo.

Kafin ranar biki idon ya kumbura ya rufe, mugunya na tsattsafowa ta jiƙa tsumman, rabin kansa na sara kamar ana buga guduma. Ƙudaje suka gano shi. Inji kuwa ya dawo daga Kano da sabuwar wuƙa, Bilal ya tura shi sau ɗaya don a ɗauke shi bidiyo, sannan ya ce warin ciyawa na sa shi atishawa. Dalhatu ne ya ƙarasa yankan, yana bin gefen siminti da ƙafa don ya san inda fili ya ƙare.

Da safen walima Alhaji ya raka shi ɗakin baya, inda ake ajiye janareto da injin.

"Ka kwanta nan ka huta, hayaniya ba ta yi wa mai ciwo kyau. Za a kawo maka naka."

Cikin masu zuwa biki akwai Tayyiba, 'yar Dalhatu guda ɗaya, wadda ke aure a Sule Tankarkar. Ta sauka daga babur da ƙwaryar nono da man shanu gudunmawa, ta gaida matan gida, ta tambayi Babanta.

"Yana nan lafiya," in ji Hajiya Zaituna tana gyara ɗaurin kai. "Ɗan ciwon ido ne, apolo. Kar ki je, yaɗuwa yake, ga ki da goyo. Zo ki kama mana rabon abinci."

Tayyiba ta kama rabon abinci. Da azahar ta wuce ba ta ga an ɗauki kwano an yi bayan gida da shi ba, sai ta zuba shinkafa da kanta ta bi ƙarar janareto. Ta tura ƙofa. Hayaƙi da wari suka tare ta. Tsohon na zaune a kan buhun taki, ya jingina da bango, injin ja na gefensa an lulluɓe shi da zane don ƙura.

"Wane ne?"

"Ni ce, Baba."

"Tayyiba? Matso ta wannan gefen, can ba na gani."

Ta ɗaga tsumman. Kwanon ya suɓuce daga hannunta. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta gyara goyonta, ta sa masa takalmi, ta kama hannunsa.

Hanya biyu ce daga ɗakin baya zuwa get. Akwai lungu ta bayan kicin, akwai kuma tsakiyar gida. Ta bi tsakiyar gida. Ango da amarya na tsaye a kan ciyawa, mai hoto ya durƙusa yana cewa a yi murmushi, manyan baƙi na kan kujeru a gefe. Tayyiba ta hau ciyawar da takalminta na roba, tana jan mahaifinta, fuskarsa a buɗe ba tsumma.

"Ke! Ke Tayyiba!" Alhaji ya taso yana tattare riga. "Ki bi ta baya mana! Ba a taka nan!"

Ba ta waiwaya ba. Amarya ta ga idon ta rufe baki. Wani dattijo cikin baƙi ya miƙe ya ce, "Alhaji, wannan ba Malam Dalhatu ba ne? Me ya same shi haka?"

"Ka gan shi nan, ranka ya daɗe. Mutanen da ne, ba sa son asibiti. Na yi na yi, ya ƙi. Magani har na Makka mun ba shi."

Tayyiba ta tsayar da adaidaita a bakin titi. A asibiti likita ya duba, ya tambayi tun yaushe, sannan ya rubuta musu takardar Kano. Mijinta Manu ya biyo su can. Aka ce ƙarfen ya yi tsatsa a ciki, idon ya ruɓe, in ba a cire shi ba ciwon zai haura kai. Aka cire. Da aka duba na hagun aka ce ba yana kaɗai ba ce, jijiyarsa ta daɗe da rauni, abin da zai riƙa bambancewa shi ne rana da inuwa.

Alhaji bai samu zuwa Kano ba, baƙi ba su gama watsewa ba. Amma ya yi waya, ya ce kowane bawa da irin jarrabawarsa, a yi haƙuri da ƙaddara.

Sai da damina ta sauka ya zo Sule Tankarkar. Ya tarar da Dalhatu a zauren gidan Tayyiba a kan tabarma, jikansa na wasa da carbinsa. Bilal ya shigo da ƙaramin buhun shinkafa ya dire inda maƙwabta za su gani, ya koma mota ya ɗauko wani abu dogo a naɗe cikin buhu ya jingina a bango. Tayyiba ta kawo ruwa ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa.

Aka gaisa. Alhaji ya yi ta'aziyyar idon kamar yadda ake ta'aziyyar mamaci. Sannan ya gyara murya.

"Yaya, ni zaman nan naka ne ba na so. Mutum in ya zauna ba ya komai tunani ke kashe shi. Shi ne na ce bari in kawo maka wuƙar nan ka riƙa ɗan rage lokaci. Masu walda na Gumel sun ƙone mini bakinta, ba su da hannu. Ita kuwa wasa wuƙa da magagari, in ka duba, ba sai da ido ba. Yatsa ne ke jin kaifi."

Tayyiba ta buɗe baki, mahaifinta ya ɗaga mata hannu.

"Sama'ila, matso in gan ka."

Alhaji ya matso yana murmushi. Dalhatu ya miƙa hannuwansa masu kanta, ya shafa hular, ya shafa goshi, ya cire tabaran a hankali ya ajiye a tabarma. Ya ɗora manyan yatsunsa a kan fatar idanun ƙanensa, ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe.

"Duka biyun suna nan?"

"Suna nan, Yaya. Lafiyarsu ƙalau."

"Ikon Allah," in ji Dalhatu. "Ni duk zaman da na yi a gidanka na zaci kai ma wani abu ne ya faɗa maka a ciki. Har tausayinka nake ji."

Alhaji ya lalubi tabaransa ya miƙe. A bakin mota ya ce wa Bilal, da ƙarfi yadda mutanen da ke zaune a gindin darbejiya za su ji, ciwon nan ya taɓa wa Yaya kai, a riƙa sa shi a addu'a.

Sai da ƙurar motar ta kwanta Tayyiba ta ga abin nan mai tsawo yana nan jingine a bango. Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara.

"Tayyiba, na bar saƙon nan a zaure. Ki ce masa ba sauri nake ba, ko zuwa Juma'a ma ya yi. Zan turo ɗan acaɓa."

"To, Baffa," in ji ta. "Ka turo shi."

Ta kwance buhun, ta ɗauki wuƙar da taɓarya ta shiga cikin gida. Akuyarta ta daɗe tana tumɓuke turkenta na itace tana shiga rumbun mutane. Tayyiba ta kafa ƙarfen a ƙasa mai laima, ta ɗaga taɓarya ta fara dukansa, har ya nutse zuwa ramin tsakiya. Igiya ta shige ramin kamar don ita aka huda shi.

"Me kike bugawa ne haka?" Dalhatu ya tambaya daga zaure.

"Turke, Baba."

Ya ɗan saurara yana jin ƙarar ƙarfen.

"Ƙara masa biyu," ya ce. "Akuyar nan taki ƙarfi gare ta."